Fiyano a Ƙasar Damagaram: Hadda ko Magana?

Duk wanda ya taɓa kwana a Takieta bayan kaka, lokacin da gero ya shiga rumbu aka shiga hidimar aure, ya san kamannin daren biki na wannan zamani. Ana kafa rumfa, a tada ɗan injin wuta, a ɗora fiyano bisa tebur. Saurayi guda ya zauna gabansa ya danna maɓalli, nan take ganguna da tafi da sarewa su ɓarke daga cikin akwatin, tamkar makaɗa goma ne suka hallara. Ana cikin haka sai ga wani dattijo daga dangin ango ya shigo fili. Mawaƙi ya hango shi, ya so ya saki waƙar da ake yi ya tarbe shi da kirarin gidansu, kamar yadda kowane mawaƙin Hausa zai yi. Ya ja murya, ya jinkirta, ya waiwayi mai fiyano. Na'ura ba ta san dattijo ba, tana ta zuba kiɗanta da gudun da aka saita mata. Shi kuwa saurayin, hanya guda tak yatsunsa suka sani, wadda ya haddace. Dole mawaƙi ya haɗiye kirarinsa ya koma kan waƙar farko, dattijo ya nemi kujera ya zauna ba a ambace shi ba.

Wannan ɗan abu da ba kowa ke lura da shi ba, shi ne dalilin wannan rubutu. Saurayin ba shi da laifi, akwatin ma haka. Laifin yana wuyan yadda ake koyar da fiyano a wannan yanki, inda ake ɗora yaro kan hadda a hana shi magana. Abin da ake nufi da magana a nan shi ne ƙirƙirar kiɗa nan take, wato makaɗi ya ji abin da ke faruwa a fili ya amsa shi da yatsunsa a daidai wannan lokaci, ba tare da takarda ko kaset ya riga ya tsara masa ba. Da'awar wannan maƙala ita ce, wannan fasaha ce ya kamata ta zama darasin farko ga mai koyon fiyano, kuma hanyar koyar da ita tana nan a gida tun kaka da kakanni, an dai ƙi dubawa ne.

Ta ina fiyano ya shigo?

Takieta tana bisa babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, kimanin kilomita 50 yamma da birnin Damagaram, kuma a nan ne hanyar kudu ke rabuwa ta nufi Matamaye, ta ƙetare iyaka zuwa Daura da Kano. Garin da ke irin wannan mararraba, duk abin da Kano ta dafa sai ya ji ƙamshinsa da wuri. Tun da aka fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990, harkar finafinan Hausa ta riƙa bunƙasa, kuma waƙoƙinta kusan duka a bisa fiyanon lantarki aka gina su, galibi ƙirar Yamaha da Casio. Bayan fim ɗin Sangaya na 1999, wannan sauti ya mamaye kaset, daga baya ya koma cikin wayar salula. Yaron da ya tashi a Takieta ko Tirmini ko Matamaye a shekaru 25 da suka wuce, da wannan sauti aka raine shi. Ba abin mamaki ba ne in ya so ya koya.

Amma Nijar ta riga Kano sanin abin da za a iya yi da irin wannan na'ura. A 1978 Mamman Sani Abdoulaye ya ɗauki kiɗansa a gidan rediyon ƙasa a Yamai, da wani fiyanon lantarki ƙirar Italiya mai suna Orla. Ya zauna da shi yana laluben karin waƙoƙin gargajiya na al'ummun ƙasar nan, yana juya su yana yi musu sabuwar tufa, har kiɗan nasa ya zama abin da ake sakawa tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin shekara da shekaru. A 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da wannan aiki, duniya ta saurara. Abin da ya ja hankalin masu sauraro a Turai da Amurka shi ne sun ji baƙon harshe yana fitowa daga na'urar da suka saba da ita. Da Mamman Sani ya tsaya kwaikwayon abin da ke cikin littattafan Turai, da babu wanda zai waiwaye shi.

Malaman hadda iri biyu ne

Yaron da ke son fiyano a yau hanya biyu ke gabansa, kuma duka biyun hadda ce. Ta farko ita ce ta masu ilimin boko. Malami ya zana layuka biyar a allo, ya jera ɗige-ɗige, ya sa yara su rera do, re, mi, fa, sol har wata da watanni. Wannan shi ake kira solfej. Yaro ba zai taɓa madannai ba sai ya iya karanta takarda, in kuma ya taɓa, abin da ke rubuce kaɗai zai buga. Ranar da ya kauce ya ƙara wani abu daga kansa, sai a ce ya yi kuskure, a mayar da shi farko. Malaman Faransanci sun san wannan cuta sarai, domin a ajinsu ta fara. Sun ga ɗalibin da ke karanto tatsuniyar La Fontaine ta hankaka da dila daga farko har ƙarshe ba gargada, amma in aka aike shi ya nemi takardar haihuwa a ofis da Faransanci sai bakinsa ya mutu. An cika masa ciki da maganar wasu, ba a taɓa tambayarsa tasa ba.

Hanya ta biyu ita ce ta ɗakin ɗaukar waƙa da ta bidiyon waya. A nan babu allo babu takarda. Ana nuna wa yaro lambar kiɗan da zai zaɓa cikin na'ura, da inda zai ajiye yatsa guda na hannun hagu domin na'ura ta haɗa masa sauran, da ƴan gajerun karin da zai maimaita da hannun dama. In muryar mawaƙi ta yi sama ko ƙasa, akwai maɓallin da ke ɗaga sauti ko sauke shi, don haka yaro ba ya ma buƙatar sanin abin da ya canza. Cikin mako shida ya fara zuwa biki ana ba shi kuɗi. Cikin shekara shida yana nan inda yake, domin abin da ya koya sarrafa na'ura ne.

Masu hanyar farko suna raina na biyu, suna kiransu jahilai. Na biyu suna yi wa na farko dariya, suna cewa ga ilimi ba kuɗi. Alhali jirgi ɗaya ya kwaso su. Kowanne cikinsu ya ɗauki kiɗa a matsayin abin da wani ya riga ya gama, ko dai marubucin takarda a Turai ko injiniyan kamfani a Japan, aikin yaro kawai ya maimaita.

Turawan da ake kafa hujja da su

Idan aka matsa wa malamin solfej, amsarsa ɗaya ce: haka ake yi a Turai, kuma su ne masu kayan. To, sai a duba tarihin masu kayan. A watan Mayu na 1747, Johann Sebastian Bach ya ziyarci Sarki Firedirik na Biyu a fadarsa ta Potsdam a Jamus. Sarki ya buga masa ɗan gajeren kari a fiyano, Bach ya zauna nan take ya gina kiɗa mai muryoyi uku masu bin juna a kai, gaban jama'ar fada. A jajibirin Kirsimeti na 1781, Sarki Yusufu na Biyu ya haɗa Mozart da Clementi gasa a birnin Biyana, kuma ƙirƙira nan take tana cikin abin da aka gwada su da shi. Beethoven da wannan fasaha ya fara yin suna a birnin kafin a san shi da manyan rubuce-rubucensa. Ɗalibinsa Carl Czerny, wanda ake wahalar da yara da atisayen yatsunsa har gobe, shi da kansa ya wallafa littafi sukutum a 1829 kan yadda ake koyon ƙirƙira a fiyano.

A birnin Nafoli na Italiya, a ƙarni na 18, akwai makarantun kiɗa da asalinsu gidajen marayu ne. Yadda ake koyar da yaran shi ne, malami ya rubuta musu layin ƙasa kaɗai, wanda hannun hagu zai bi, ya bar hannun dama ga basirar yaro. Yau ya cika shi haka, gobe ya cika shi wata hanya, har ya tara rumbun dabaru. Daga waɗannan makarantu aka sami mawaƙan da suka cika fadodin Turai. Ita kanta Faransa, wadda daga wurinta aka gaji solfej, ba ta yar da wannan ba: Marcel Dupré ya wallafa littafinsa na koyar da ƙirƙira a 1925, kuma har yau ana koyar da ita a babbar makarantar kiɗa ta Paris. Ashe abin da aka kawo nan rabin gado ne. An kawo takarda an baro abin da ake rubutawa a kanta. Rubutun kiɗa da kansa, wanda sunayen sautukansa suka samo asali daga Gido na Arezzo a ƙarni na 11, an ƙago shi ne domin a adana abin da kunne ya riga ya sani.

Makarantar da ke gida

Babu buƙatar zuwa Nafoli kafin a ga wannan hanya. Kowane malamin Hausa da ya karanta nazarin waƙar baka, musamman ayyukan Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, ya san waƙar makaɗan Hausa tana da gindi tana da ɗiya. Gindi shi ne abin da ba ya canzawa, wanda ƴan amshi ke komawa gare shi. Ɗiya kuwa jagora ne ke haifarsu, yau ya ƙara, gobe ya rage, gwargwadon wanda ke zaune da abin da ya faru. Wanda ya saurari waƙa guda ta Mamman Shata a ɗauka biyu daban-daban ya san ba ta fita iri ɗaya. Haka Ma'azu Ɗan Alalo ya yi a fadar Damagaram. Yaron makaɗi ba ya fara da takarda. Yana fara da ɗaukar kaya, sannan tafi, sannan amshi, sannan ƙaramar ganga mai riƙe rauji. Wata rana jagora ya gaji ko ya yi kamar ya gaji, ya sakar masa ɗa guda ya cika. In ya cika da kyau a ƙara masa, in ya ɓata a yi masa dariya ya gyara gobe. Wannan manhaja ce cikakkiya, mai matakai, mai jarrabawa, illa dai ba a rubuta ta ba.

Malam Maman Barka, ɗan Tesker a jihar Damagaram, malamin makaranta ne kafin ya yi suna da gurumi. A 2002 ya tafi bakin tafkin Cadi wurin Bukar Tar, dattijon da ya rage cikin masu kaɗa biram na Buduma, ya zauna gabansa ya koya da kunne da ido. Tsarkiya biyar ce a jikin biram, da su ya zaga duniya kafin rasuwarsa a 2018. Mutumin da ya san alli da allo ya san cewa wannan ilimi a gaban mai shi ake ɗaukarsa. Kuntigin Ɗan Maraya Jos tsarkiya ɗaya gare shi. Kakakin da ake busa wa Sarkin Damagaram a fadar Birni sautukansa ba su wuce biyu zuwa uku ba, amma duk Badamagare ya san abin da yake faɗa. Saboda haka ƙarancin abin da yaro ya sani ba hujja ba ce ta hana shi ƙirƙira. Da sauti biyu ma ana magana.

Ga wani abin da ya kamata ya faranta ran kowane malami. Fiyanon da aka fi samu a kasuwa madannai 61 gare shi, farare 36, baƙaƙe 25. Baƙaƙen a jere suke biyu da uku, biyu da uku, wato biyar a kowane zango. Waɗannan biyar ɗin su ne tsanin sauti biyar wanda mafi yawan waƙoƙin Hausa ke tafiya a kai. Yaron da aka ce ya taɓa baƙaƙe kaɗai, da wuya ya fitar da abin da zai soki kunne, kuma cikin mintuna kaɗan zai laluɓo waƙar gaɗa ko ta daka da ya ji a gida. Littattafan koyo na Turai kuwa da farare suke farawa, su ajiye baƙaƙe sai an yi nisa, a matsayin abu mai wuya. Wato ana rufe wa ɗan Takieta ƙofar da ke kallon gidansu, a zagaya da shi ta bayan gari.

Harshe ne ke cikin haɗari

Wani zai ce, ina ruwan ƙungiyoyin raya harshe da maganar fiyano? Ruwansu ne tsundum. Hausa harshe ne mai karin sauti. Kuka na hawaye da kuka ta miya da hawa da saukar murya ake rabe su. Wuya ta wahala tana tashi daga ƙasa zuwa sama, wuya na jiki yana sauka daga sama zuwa ƙasa. Baba mahaifi, da baba ta mace, da baba na marina, kowanne da nasa kari. Mai kalangu ya san wannan fiye da mai digiri, domin da matsa tsarkiya da sakinta yake sa fata ta faɗi sunan mutum har mai sunan ya waiwayo. Makaɗin gargajiya karin magana yake bi ya fitar da karin waƙa.

Mai fiyanon hadda kuwa daga ɗaya gefen yake farawa. Kari ya riga ya zauna a cikin na'ura ko a kansa, an aro shi daga fim ɗin Indiya ko daga wata waƙar da ta yi kasuwa, sai a kawo kalmomin Hausa a cusa su ciki ko sun shiga ko ba su shiga ba. Inda kalma ke son sauka sai a ɗaga ta, inda wasali ke gajere sai a ja shi. Kunnen manya yana jin ciwon abin, na yara kuwa ya fara sabawa. A Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973, kuma a watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Abin kunya ne a ce yankin da ya yi wannan jagoranci yana koya wa yara ƙa'idar rubutu da safe, da dare kuma lasifika na rushe musu karin harshen, babu mai cewa uffan. Makaɗin da aka koya wa ya saurari jimla ya fitar da karinta a madannai, shi ne mai gadin harshe a filin biki, inda malamin aji ba ya zuwa.

Amsa ga masu suka

Akwai masu kishin gargajiya da ke cewa a bar fiyano gaba ɗaya, domin shi ya kashe kasuwar masu kalangu da goge. Kukansu yana da tushe. Mai biki da a da zai kira makaɗa biyar, yanzu mutum ɗaya yake biya. Gaskiya ne kuma cewa an raba zangon fiyano gida 12 daidai wa daida, alhali goge da algaita da muryar zabiya suna ratsa tsakanin waɗannan gidaje. Sai dai fiyano ya riga ya shigo, kuma babu dokar da za ta fitar da shi. Molo da goge da algaita ma akwai ranar da suka kasance baƙi a wani wuri. A Habasha, Emahoy Tsege Mariam, wadda ta rasu a 2023, ta sa fiyanon Turai ya yi magana da karin ƙasarta har ya zama ba a kama shi da na kowa. Abin da ya kori mai kalangu daga fili shi ne maɓallin ganga na cikin na'ura. Ranar da mai fiyano ya iya ƙirƙira, zai kashe wannan maɓalli da hannunsa, domin zai tarar da na'ura ta ɗaure shi, ya nemi ɗan Adam mai ganga wanda zai jira shi in ya jinkirta, ya bi shi in ya zabura. Batun sautukan da ke tsakani kuwa, fiyano da yawa suna da ƴar dabarar lanƙwasa sauti a gefen hagu, wasu ma ana iya sake saita madannansu ɗaya bayan ɗaya. Mai kunne ne kaɗai zai san amfaninsu.

Akwai masu cewa ƙirƙira baiwa ce, ba a koyar da ita. Wannan magana ta malalacin malami ce. Babu jaririn da aka haifa da jimla a baki, amma kowane yaro mai shekara huɗu yana ƙera jimlolin da bai taɓa ji ba, saboda an yi masa magana an kuma saurare shi. Baiwa tana bambanta gwani da matsakaici, ba ta hana matsakaici magana. Masu cewa in an saki yara za su yi ta shirme, su ma a ba su rabin gaskiyarsu: ƙirƙira ba tare da ƙa'ida ba hauka ce. Shi ya sa ake kafa gindi tukuna. Iyaka ita ke haifar da dabara, kamar yadda ƙafiya da ma'auni ba su taɓa hana marubucin waƙa faɗin abin da ke ransa ba.

Sai masu cewa babu kayan aiki, aji ɗaya yara sittin ko fiye, fiyano ɗaya in an samu, wuta kuma sai ta ga dama. Wannan hujja a kan hanyar hadda ta fi faɗawa, domin ita ce ke buƙatar littafi ga kowane yaro da awoyi na zama shi kaɗai. Ƙaramin fiyano yana aiki da batir ko faifan hasken rana. Zango biyar ke jikinsa, yara uku na iya tsayawa gabansa lokaci guda. Sauran ajin kuwa su ne ƴan amshi da masu tafi, kuma a tsarin makaɗan Hausa wannan shi ne ajin farko.

Yadda darasi zai kasance

Kada a ce an yi suka ba a kawo magani ba. A makon farko, a rufe littafi a kashe duk kiɗan cikin na'ura. Kowane yaro ya zo ya nemo sunansa a madannai baƙaƙe biyu, ɗaya na sama ɗaya na ƙasa, ajin ya faɗi ko sunan ya fito. Daga suna a wuce zuwa gaisuwa, daga gaisuwa zuwa karin magana da kirarin gari. Bayan haka a shiga kira da amsa: malami ya buga gajeren kari, yaro ya maimaita shi sau ɗaya, a karo na biyu ya canza ƙarshensa, a na uku ya ba da amsa tasa. Idan hannu ya faɗa, sai hagu ya riƙe gindi, sauti biyu ko uku masu zagayowa, dama ya riƙa haifar ɗiya. A nan ne za a gayyato mai kalangu ko mai gangar noma na gari, a biya shi haƙƙinsa a matsayin malami, ya zauna ya riƙe rauji, yana saurin yana sassautawa da gangan domin yaro ya koyi bin mutum. Daga nan a sauko kan farare, a nuna wa yaro yadda zai ɗauki tsanin nan na biyar ya dasa shi a kowane gida, har ya daina dogara da maɓallin ɗaga sauti.

Sai bayan wannan rubutu zai shigo, kuma zai shigo da daraja. A ce wa yaro: abin nan mai daɗi da ka buga jiya, ina yake? Ya ɓace. To, ga yadda ake ɗaure shi a takarda. Yaron da ya rasa karinsa sau ɗaya zai koyi layuka biyar cikin kwanaki, domin ya ga amfaninsu. Ta haka kuma za a sami masu rubuta taken sarakuna da na mahauta da na manoma, waɗanda ke tafiya kabari tare da masu su. A ranar jarrabawa, a ba ɗalibi jimlar Hausa da bai taɓa gani ba, a ba shi minti biyu, ya mayar da ita kiɗa. Wanda ajin ya gane jimlarsa daga sauti kaɗai, ya ci.

Kira ga masu hannu a ciki

Cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya da aka kafa a Yamai a 1989 ta tara kayan kiɗan gargajiya ta kuma horar da makaɗa, amma Yamai tana da nisan kusan kilomita 900 daga Damagaram, ɗan talakan Garagumsa ba zai je ba. Aikin na ƙungiyoyin al'adu ne da malaman sakandare na nan. Takieta ta zama hedkwatar gunduma tun 2011, bai kamata a ce ta rasa ɗaki guda da fiyano guda da yammacin Laraba guda ba. Makarantar horon malamai da jami'ar André Salifou da ke Damagaram suna iya tattara waɗannan darussa cikin ɗan littafi da Hausa. Masu shirya gasar kiɗa, tun daga ta makarantu har irin ta Ɗan Gurmu da aka fara a 1987, su ware fage na ƙirƙira nan take, a ga wanda ya iya da wanda na'ura ke rufa wa asiri. Iyaye masu ƙyamar kiɗa don gudun roƙo su sani cewa yaron da aka hana koyo a aji, a bayan gari zai koya, kuma can babu mai zaɓa masa abin da zai ji.

Lokaci ba ya jira. A ƴan shekarun nan an fito da manhajojin kwamfuta da ake rubuta wa jimla guda su haɗa waƙa da kiɗanta cikin minti ɗaya. Saurayin da iyakar saninsa danna maɓalli, abin da ya yi wa mai kalangu jiya shi za a yi masa gobe, domin mai biki zai gane cewa waya da lasifika sun fi shi arha. Wanda zai tsira shi ne wanda ke iya abin da na'ura ba ta zo fili ta gani ba: ya hango dattijo ya shigo, ya san ɗan gidan wane ne, ya sassauta hannu ya ba mawaƙi hanya, yatsunsa su faɗi sunan kafin baki ya faɗa. Irin wannan makaɗi ba a sayo shi daga Kano, a aji ake yin sa, kuma malaman da za su yi shi suna nan da ransu, wasu da alli a hannu, wasu da kalangu a hammata. Allah ya sa a haɗa su tun kafin na biyun su ƙare.